Tukunyar da ta sha wuta ba ta komawa yumɓu

Wani matashin malami ne ya turo min tambaya, yace an tura shi wata ƙaramar sakandare a ƙauye can wajen Gumel, an ba shi darasin kimiyya na 'yan aji biyu, yanzu ya iso kan canjin kemikal, wato irin canjin da idan ya faru abu baya komawa yadda yake a da. Makarantar ba ɗakin gwaji, ko kwalbar asid ɗaya babu, littafin kuma misalin da ya kawo shine ƙona wani siririn ƙarfe mai suna magniziyam wanda shi kansa malamin a hoto kawai ya taɓa ganinsa. Yace yaran sun haddace ma'anar tsaf kamar karatun allo, amma da yace su kawo misali sai aji yayi tsit. Tambayar tasa itace, wane misalai zai basu waɗanda suka sani a gida.

Toh Malam, ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Ni shekara 20 da 'yan kai kenan ina koyar da kemistiri a nan yankin Ringim, kuma mafi yawan shekarun nan ba ɗakin gwaji nima nayi su, don haka na san irin shirun nan da kake faɗa. Abinda zan fara gaya maka shine yaran nan sun fi littafin naka sanin misalai, yarinyar da ta tashi da asuba ta hura wuta ta dama koko ta toya ƙosai kafin ta ɗauki jakar makaranta ta riga ta yi canjin kemikal ya fi sau biyar, sunansa ne kawai ba wanda ya gaya mata.

Kafin misalai dai, tambaya biyu nake sa yara su riƙe. Ta farko, an samu wani sabon abu wanda da babu shi? Ta biyu, za ka iya dawo da na farkon ta hanya mai sauƙi, kamar shanyawa ko sanyayawa ko tacewa? Ƙanƙara ta narke ta zama ruwa, ka mayar firij ta dawo. Gishiri ka jiƙa shi ya ɓace a ruwa, ka shanya a faranti a rana zaka tarar da gishirinka. Man shanu ya narke a kan tuwo mai zafi, in ya huce ya daskare. Duk waɗannan canjin fizikal ne, kama ce ta canja amma abun yana nan. Ko gero da aka daka ya zama gari, duk da ba mai iya mayar da shi tsaba, har yanzu gero ne, a nan yara suke yawan ruɗewa, sai ka nuna musu cewa tambayar farko ce mai yanke hukunci, turmi bai haifar da wani sabon sinadari ba, farfasa shi kawai yayi.

Misalin da nafi so duk cikinsu shine tukunya, kuma da ita nake buɗe darasin kowace shekara. Akwai wata dattijuwa maginiya a bayan garinmu, nakan je wajenta in roƙi abu biyu, ɓallin ɗanyar tukunya wadda ta bushe a rana amma ba a toya ba, da kuma tsingaron wadda aka riga aka toya. In na shiga aji sai in sa a kawo kwano biyu da ruwa, in jefa kowanne a nasa, mu ci gaba da karatu. Kafin a kaɗa ƙararrawa ɗanyen nan ya fara saki, gefensa yana zubewa a hankali kamar ana jiƙa fura, ruwan ya yi dalaƙaƙa ya koma launin ƙasa, in ka sa yatsa sai ka ji laka ce zalla. Shi kuwa tsingaron yana zaune a ƙasan kwano, 'yan kumfa ƙanana ne kawai suke fita daga jikinsa, ko sati zai yi a ciki haka zaka ɗauko shi. Ranar da na fara yin wannan wani yaro ɗan gidan magina ya miƙe yace Malam ai shi yasa Inna take hana barci in hadari ya taso da dare ba a kai tukwane matoya ba. Kaga ya gane darasin tun kafin in buɗe baki.

Abinda yake faruwa shine, yumɓu ruwa iri biyu ne a jikinsa. Akwai ruwan da aka kwaɓa shi da shi, wannan rana ma tana fitar da shi, kuma in an sake jiƙawa ya dawo. Akwai kuma wanda yake ɗaure a cikin ginin sinadarin yumɓun kansa, wannan rana ba ta iya taɓa shi, sai wuta ta kai wajen digiri 500 zuwa 600 sannan yake fita, kuma da ya fita ginin ya rushe an samu wani abu daban. Shi yasa karan dawa da ƙaiƙayi da kashin shanun da ake lulluɓe tukwane da su a matoya suke da muhimmanci, in wutar bata kai ba tukunya zata fito rabi ɗanya, ka ƙwanƙwasa ta ka ji sautinta a mace, a zuba ruwa kwana biyu ta fara lalacewa. Mata a kasuwar Gujungu da suke ƙwanƙwasa randa da yatsa kafin su biya, gwajin kemistiri suke yi. Kuma saboda tsingaro baya komawa ƙasa ne yasa masu binciken tarihi suke tono shi a kufai bayan ɗaruruwan shekaru su gane an taɓa zama a wajen.

Daga nan sai ka wuce da su kan tubali da bulo, abu ɗaya ne ta wata fuskar. Katangar ƙasa in ta faɗi da damina, mai gida zai tara ƙasar ya sake kwaɓawa da rauno ko ciyawa ya sake gini da ita. Bulon siminti in ya fashe fa? Ko ka niƙa shi ya yi laushi kamar garin tuwo ka zuba ruwa ba zai sake kamawa ba. Mutane da yawa sun ɗauka siminti bushewa yake yi, alhali haɗuwa yake da ruwan su zama wani sabon dutse, har ɗumi yake fitarwa yana yi, shi yasa masu buga bulo na kirki suke ta ba shi ruwa safe da yamma na kwanaki, kuma injiniyoyi sai a kwana 28 suke auna cikakken ƙarfinsa. Bulon da aka buga aka bar shi a ranar bazara ba ruwa, ruwan ya gudu kafin aikin ya kammala, shine zaka ga ana murza shi da hannu yana zuba. Haka buhun simintin da aka ajiye a ƙasa a zaure laima ta taɓa shi ya dunƙule, wallahi wannan ya tafi, na sha ganin mutum ya sa yara suna farfasa shi da taɓarya don ya yi gini, ina ba shi haƙuri in ce kar ka zuba wannan a abinda mutane za su kwana a ƙarƙashinsa. In ana son siminti daga tushe sai an ƙona dutsen farar ƙasa da wasu haɗe-haɗe a wuta mai digiri kusan 1450, a manyan masana'antu irin na Obajana a Kogi, da Ashaka a Gombe, da Kalambaina a Sakkwato.

Sai wuta, wadda ita ce uwar misalan. Ɗaurin itace guda da yaro baya iya ɗauka shi kaɗai, a dafa tuwo da miya, da safe a kwashe toka ko cikin ƙoƙo bata yi ba. Ka tambayi yara ina sauran ya tafi? Za su ce ya ƙone, sai kace eh ya ƙone, amma ina yaje? A nan ake samun muhawara mai daɗi. Amsar itace kabon da haidirojin da ke jikin itacen sun haɗu da oksijin na iska sun zama kabon dayoksaid da tururin ruwa sun tashi sama, ba abinda ya ɓata, da za a iya tare duk hayaƙin da tururin da tokar a ɗora a sikeli nauyin zai yi daidai da na itacen da iskar da ya ci. Wani Bafaranshe mai suna Lavoisier ne ya tabbatar da wannan da awo a shekarun 1770 zuwa 1780, yana ƙona abubuwa a rufaffen mazubi yana aunawa kafin da bayan. Ka ɗora murfin tukunya mai sanyi a saman harshen wuta na ɗan lokaci kaɗan su ga ya yi gumi, su ga ruwan da idonsu.

Gawayi kuma itace ne da aka hana shi iska, an tara an rufe da ƙasa an bar 'yar kafa, sai ruwa da sauran abubuwa masu tashi su fice a bar kusan kabon zalla. Dan Allah Malam in ka zo nan ka tsaya ka yi musu magana ta gaskiya, don wannan ya wuce jarabawa. Gawayi in yana ci a inda iska bata isa ba, maimakon kabon dayoksaid sai ya riƙa fitar da kabon monoksaid, ba launi ba wari, kuma yana kama jinin mutum fiye da yadda oksijin yake kamawa sama da sau 200. Lokacin hunturu da ake shiga da kaskon wuta ɗaki a toshe taga da tsumma a rufe ƙofa, haka ake wayar gari da mutane sun kasa tashi, na farko ciwon kai ne da jiri sai barci mai nauyi. Janareta a cikin zaure ko kusa da tagar ɗaki shima haka. Yaro ɗaya in ya koma gida ya faɗa wa kakarsa, darasin nan ya biya kuɗinsa.

Tokar ma ba a nan labarinta ya ƙare ba. In aka jiƙa tokar kara aka tace, ruwan da ya ɗiga yana da kaifi, in ka murza a yatsa zaka ji santsi, sinadarin fotash ne a ciki. Shi ake dafawa da mai, man ja ko man kaɗanya ko na gyaɗa, ana juyawa ana juyawa har ya zama sabulun salo. Ka tambaye su, mai yana ɓata riga, ruwan toka yana cin hannu, ya akayi biyun suka haɗu suka zama abin wanki mai kumfa? Kuma waye zai iya matse sabulu ya fitar da man gyaɗarsa ya soya ƙosai? Misali ne mai kyau na sabon abu wanda halinsa bai yi kama da na iyayensa ba ko kaɗan.

Madafi kam in na ce zan ƙirga sai mu kwana. Ƙwan zabi da damina, kowane yaro ya san shi. Farin ƙwai ruwa ne da furotin, shi furotin ɗin kamar zare ne dogo da aka naɗe shi ƙwallo-ƙwallo kowanne yana yawo shi kaɗai, da zafi ya haura digiri 60 da 'yan kai sai su warware su sarƙe da juna kamar zaren da akuya ta shiga cikinsa, shine ya zama fari ya kame. Ka sa a firij shekara, dafaffe ne. A 2015 wasu masana daga jami'ar Kalifoniya da ke Irvine da abokan aikinsu na Ostireliya sun iya warware furotin iri ɗaya tak daga dafaffen farin ƙwai suka dawo da shi yana aiki, sai da suka narkar da shi da yuriya suka juya shi a wata na'ura mai tsananin gudu, kuma ƙwan bai dawo ƙwai ba, furotin ɗaya ne daga cikin masu yawa. Ina faɗa wa manyan ɗalibai wannan don su ga irin wahalar da ake sha kafin a ɗan ja da baya taku ɗaya.

Awara ma haka take, madarar waken suya tana tafasa a zuba ruwan tsami nan take ta tsinke, fari ya taso ruwa ya koma gefe. Fulani kuma da ruwan tumfafiya suke kama madarar shanu ta zama cuku. Nono kuwa aikin ƙwayoyin halitta ne, Bafulatana ta tafasa madara ta huce ta zuba ɗan tsohon nono a ƙwarya ta rufe, kafin safe bakteriya sun cinye sukarin madarar sun mayar da shi asid mai tsami, asid ɗin ya kama furotin ya zama kindirmo. Louis Pasteur ne ya nuna a 1857 cewa ƙananan halittu ne ke yin wannan tsamin. Amma ka lura, kaɗa nono a fitar da man shanu wannan fizikal ne, man dama yana ciki, tara shi kawai akayi waje ɗaya, nakan sa wannan a gwaji don in ga wa ya gane wa ya haddace. Daddawa ita ma bakteriya ce, kalwa mai taurin tsiya da ba mai iya taunawa, a dafa ta kusan yini a surfe a wanke a sake dafawa a rufe kwana 2 zuwa 3, ta fito baƙa mai laushi mai yauƙi, furotin ɗin ya farfashe, warin nan mai hawa kai da ake ji in an buɗe akwai amoniya a ciki, ɗanɗanon da take ba miyar kuka kuma daga glutamet ne, irin sinadarin da ke cikin farin magi.

Akwai wata tambaya da nake so, me yasa naman da aka dafa a ruwa yake fitowa fari-fari amma tsire yake yin ja mai ƙamshi? Ruwa baya wuce digiri 100 komai wutar da ka zuga, shi kuwa haɗuwar sukari da furotin da ke kawo wannan launi da ƙamshi sai wajen digiri 140 yake kankama, sunan wani likitan Faransa Maillard aka sa masa, wanda ya bayyana shi a 1912. Shine a bayan ƙosai, shine a gasasshiyar masara, shine a ƙuli-ƙuli da gullisuwa da ƙanzon gindin tukunya. In ya zarce kuma sai ƙauri, tuwon da yayi ƙauri duk matan gidan sun san ba gyara sai dai a canja tukunya a ceci na sama.

'Yan mata a ajinka ka basu lalle, za ka ga yadda za su farka. Ganyen lalle yana da wani sinadari da ake kira loson, shi kuma ɗaurewa yake da furotin ɗin fata da farce ɗauri na dindindin, shi yasa sabulu baya fitar da shi. To me yasa yake gogewa? Na tafin hannu fatar ce take saɓulewa a hankali cikin sati 2 zuwa 3 sabuwa ta fito, na farce kuwa ka ce su duba hannunsu bayan sallah da wata biyu, za su ga jan ya matsa gaba fari ya biyo daga tushe, layi a miƙe kamar an ja da rula, lallen yana nan daram farcen ne yake tafiya da shi har a yanke. Ina roƙon ka ka ja musu kunne akan baƙin nan dayis da ake haɗawa da maganin rina gashi, sinadarin cikinsa yana sa wasu fatarsu ta kumbura ta yi ƙuraje har tabo, kuma jikin da ya taɓa ƙin sa ya ƙi shi kenan. Su kuma maza ka basu goro, farin goro a ɓare shi a ajiye minti kaɗan ya fara ja, iska ce ta haɗu da sinadaran cikinsa, irin abinda yake samun yankakken dankali da yalo.

Tsatsa kuma a hankali take cin nata. Fartanyar da aka manta a gona damina ta wuce a kanta, ko kwanon rufi da ya fara ja daga wajen ƙusa. Ƙarfe ne ya haɗu da oksijin, da taimakon ruwa, ya zama wani jan gari mai ɓarɓashi wanda ba shi da ƙarfin komai. Wannan gwajin zaka iya shi ba ko sisi: kwalba uku, ƙusa uku sababbi a goge su da yashi. Ɗaya a busasshiyar kwalba a toshe, ɗaya a ruwa rabi a bar ta buɗe, ɗaya a ruwan da aka tafasa sosai aka zuba man gyaɗa a samansa don kar iska ta koma. Bayan sati ta tsakiyar ce kawai zata yi ja sosai, sai su gane da kansu dole sai ruwa da iska sun haɗu, daga nan kuma dalilin fenti da shafa baƙin mai a garma kafin a rataye ta ya fito fili. Gishiri da takin zamani suna ƙara mata gudu, shi yasa kwanon da ake ɗiban taki da shi baya shekara. Ana iya raba ƙarfe da oksijin, ai aikin da kakanninmu suke yi da tama kenan, a dutsen Dala an samu shaidar narkar da ƙarfe tun wajen ƙarni na 7, amma sai da gawayi mai yawa da zuga-zugi da wuni ana fama. Shi kuwa maƙeri da yake dukan jan ƙarfe ya mayar da shi lauje, siffa yake canjawa, gawayin da ke ci a gabansa ne yake canjin kemikal.

Tunda duk yaranka 'ya'yan manoma ne kar ka bar taki. Buhun yuriya zaka ga an rubuta 46 a jiki, wato kashi 46 cikin 100 naitirojin ne. In ya taɓa ƙasa mai laima akwai wani sinadari a ƙasar da yake farfasa shi ya zama amoniya da kabon dayoksaid. In a binne yake, ƙasa ta riƙe amoniyar shuka ta sha. In kuwa watsa shi akayi a sama da rana tsaka aka tafi, ba ruwan da ya biyo baya ya shigar da shi, wani kaso mai yawa iska zai bi, irin warin nan da kake ji a turken awaki da safe shine dai, don fitsari ma yuriya ne a cikinsa. Da tsadar da buhu yayi yanzu, raina yana ɓaci in na wuce gonar masara na ga fararen ƙwayoyi a kwance a sama suna narkewa. A tona ɗan rami gefen shuka a zuba a rufe, kuma kar a haɗa shi da toka, kaifin toka yana ƙara korar amoniyar. Ƙona karan gona ma lissafin ɗaya ne, fotash yana zama a toka amma naitirojin ɗin ya bi hayaƙi.

Yanzu gyara ɗaya, don kar ka koya musu abinda za su zo su warware a babbar sakandare. Ba kowane canjin kemikal ne baya komawa ba. Ka jiƙa zoɓo, wanda Allah ya hore mana shi a Jigawa har ana lodinsa daga Maigatari zuwa ƙasashen waje, ka raba a kofi biyu na gilashi. Ka ɗiga ruwan kanwa a ɗaya, jan zai juye ya koma duhu-duhu mai ratsin kore. Ka matsa lemon tsami a kai, zai yi 'yar kumfa sannan ja ya dawo. Launin ya je ya dawo, amma kumfar nan kabon dayoksaid ce ta fita daga kanwar, ita ta tafi kenan, kaga a kofi ɗaya ka nuna musu iri biyun. In ka cika kanwar ka bar shi ya daɗe kuma launin kansa lalacewa yake, lemon ba zai dawo da shi ba, don haka ka yi shi da sauri. Rini ma haka ne, a marinar Kura ko ta Ƙofar Mata a Kano, baba da toka suna jiƙe a karofi kwanaki, zane ya fito kore-kore, yana shan iska a gaban idonka ya koma shuɗi, shuɗin nan baya narkewa a ruwa shi yasa yake zama a zare, amma a cikin karofin ana iya juya shi ya koma mai narkewa. Sai batir. Na waya da na sola an ƙera su yadda in an tura wuta ta baya sinadaran za su koma mazauninsu. Na tocila da rediyo kuwa jikin tutiyar ne yake cinyewa, shi yasa tsohon yake yin laushi har ya zubo da wani farin abu ya ɓata rediyo, shanya shi a rana da yara suke yi ɗumi ne kawai yake zaburar da ɗan abinda ya rage. Saboda irin waɗannan ne littattafan da suka yi hankali suke cewa baya komawa cikin sauƙi, kuma haka zaka ce su rubuta, har zuwa WAEC da NECO.

In wani mai kaifin kai ya tambaye ka to me yake hana komawar, ga yadda nake amsawa. Wani lokacin wani ɓangaren ya zama iska ya watse a duniya, kamar hayaƙi da kumfar ƙullun waina, waye zai tattaro su. Wani lokacin zafi ne ya fita, kuma sai ka biya wannan zafin da ƙari kafin a koma, kamar tsatsa da tama. Wani lokacin kuma tsari ne ya hargitse, kamar zaren ƙwai, hanyar sarƙewa dubu ce hanyar naɗuwa daidai ɗaya ce. Mafi yawan misalan da na lissafa zaka samu biyu daga cikin ukun nan a tare.

Kyandir ka ajiye shi na ranar gwaji, don masu jarabawa suna son sa: wanda ya narke ya gangaro ya daskare fizikal ne, wanda ya hau lagwani ya ci wuta kemikal ne, abu ɗaya canji biyu. Ranar darasin kuma ni ga yadda nake yi, tun ana gobe nake raba su gida-gida, in ce kowa ya zo da abu biyu a leda, kafin da bayan, wani ɗanyen ƙwai da dafaffe, wani kalwa da daddawa, wani sabuwar ƙusa da mai tsatsa, wani kara da toka, in kuma sa wasu su kawo na tarko irin gero da gari ko gishiri da ruwan gishiri ba tare da na gaya musu tarko bane. A jera a kan benci, kowa ya tashi ya kare nasa da tambayoyin nan biyu, da Hausa tukuna sannan a rubuta Turancin a allo. Ashana da wuta kai kaɗai zaka riƙe, kuma ka jefa ɓallin tukwanen nan a ruwa tun kafin ka kira suna, don ɗanyen yana buƙatar kamar minti 30 kafin ya saki yadda na bayan aji za su gani.